Cinikin biri a sama: a yi hattara da mai tallar ƙananan taragun Reluwe

Assalamu alaikum. Mu masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo ba mu da yawa a ƙasar nan, kuma kusan duk mun san juna ko da ta waya ce, shi ya sa na ga bai dace in haɗiye wannan abin kunya ni kaɗai ba. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana tallar taragun kaya da taragun gyaran layin dogo, wai irin na tsohuwar Reluwe ta Najeriya, a ma'aunin HO, wato girman kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske. Ba shi da ko ɗaya. Ya ci mini naira 127,000, kuma da na fara magana mutum uku sun same ni da labari irin nawa. Sunansa ba zan rubuta ba, don sunan ma ba nasa ba ne. Daga ranar da na san shi zuwa yau sau uku ke nan yana sauya shi. Abin da bai sauya ba shi ne hotunansa da salon maganarsa, kuma su zan kwatanta muku.

Sai na faɗi ta inda ya kama ni tukuna, don ba ta wajen araha ya shigo ba. Mahaifina ya yi aikin gyaran layin dogo a Zariya har ya yi ritaya. Ba direba ba ne, ba mai tasha ba ne, cikin ayarin masu cusa tsakuwa a ƙarƙashin kwangiri da ɗaure ƙusoshi yake. Na tashi ina jin sunayen tashoshi kamar sunayen dangi: Kafanchan, Funtuwa, Gusau, Ƙauran Namoda, Nguru. Yaran unguwarmu kan jirgi suke gudu su kalla, ni kuwa taragun baya ne suke burge ni, mai ɗaukar tsakuwa, mai ɗaukar dogayen ƙarafa, da ɗan ɗakin gadi a can ƙarshe. Da na girma na yi karo da wani tsohon saitin jirgi a wurin 'yan gwanjo, na shimfiɗa layinsa a kan tsohuwar ƙofar katako a zaure, shi ke nan ciwon ya kama ni. Yau ina da taragu kusan talatin, yawancinsu na Ingila da Jamus, duk na hannu. Na gida ne babu. Shekara da shekaru ina bin kundin kayan kamfanonin ƙananan jirage irin su Hornby da Bachmann da Roco da Piko, ban taɓa cin karo da taragon gyaɗa mai tambarin Reluwe ba. Duk mai wannan sha'awa a Arewa ya san wannan ƙishirwa. Jirgi ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, ya kwashi dalar gyaɗa da auduga da fatu da shanu, amma a kan teburanmu sai kwal ɗin Turawa muke ja.

Ana cikin haka sai ga wannan bawan Allah da hotuna guda tara. Ya ce shi ɗan Kano ne mazaunin Ingila, aikinsa sayen kayan gidan tsofaffin da suka rasu. Wai wani Bature da ya yi aikin Reluwe a Najeriya kafin samun 'yanci ya mutu ya bar akwatuna, iyalansa ba su san darajarsu ba, shi kuma ya ga gara su koma gida hannun waɗanda suka san su. Kun ji romon baka. Akwai taragon gyaɗa rufaffe guda huɗu, mai zuba tsakuwa guda uku, taragon gadi mai garmar baje tsakuwa, da kiren ɗin ɗaga jirgi in ya kauce daga layi. Hausarsa ras, ba ta koyo ba. Yallaɓai yake ce mini, kowace magana da wallahi da amana a ciki. Da na ba shi labarin mahaifina sai ya turo saƙon murya yana yi masa addu'a, ya ce don darajar Baba zai cire mini dubu goma sha biyar. A nan na mutu.

Ya ce akwai wani a Kaduna da ke son kayan duka, in ina so in ajiye wani abu kafin Juma'a. Na tambayi ko zan biya ta hanyar da ke da kariyar mai saye, ya ce cajinsu ya yi yawa, in tura naira asusun ƙaninsa a nan gida, ai ya fi sauƙi. Sunan da ya fito a asusun bai yi kama da nasa ba ko ta wajen uba. Na gani, na kau da kai, na tura 85,000. Bayan kwana goma ya turo lambar bin sawun kaya da adireshin wani shafi. Ka shiga shafin sai ka ga ɗan jirgin sama yana tafiya a kan taswira, ya bar Landan, ya sauka Legas. Sannan jan rubutu: an riƙe kaya, sai an biya kuɗin kwastan. Wata mata ta kira ni da Turanci mai santsi, ta ba ni wani asusun, shi ma na mutum ne. Na sake tura 42,000. Wanda ya riga ya zuba guga a rijiya, igiya ba ta yi masa tsada.

Daren ranar ne na kai wa Baba wayar, ina ɗokin in nuna masa abin da ke tafe. Idonsa ya yi rauni, sai da ya sa tabarau ya matso da fitila. Na buɗe masa hoton mai zuba tsakuwa na faɗaɗa shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora farce a bakin taragon ya ce, "Wannan na ina ne?" Na ce, "Namu ne, Baba, ga tambarin nan." Ya girgiza kai. "Namu ba su da ƙaho biyu. Mahaɗi ɗaya ne a tsakiya, shi ne karo shi ne ja. Shekara nawa ina shiga tsakaninsu? Da akwai waɗannan faifan a gefe da tuni sun matse ni." Ya miƙo mini wayar ya ci gaba da jan carbinsa. Bai tambaye ni ko na biya ba. Ina jin ya gane daga yadda na yi shiru.

Abin da Baba ya gani cikin minti ɗaya shi ne abin da ya kamata ni mai taragu talatin in gani tun ranar farko. Taragun Ingila da na yawancin Turai suna da faifan karo biyu a kowane baki, dama da hagu, da ƙugiya a tsakiya. Tsohon layinmu ba haka yake ba. Na koma ɗaki na zauna da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Mai zuba tsakuwar nan mai ƙafa huɗu, mai sitiyari uku a bakinsa ɗaya na buɗe ƙofofin ƙasa, ai shi ne wanda Ingilishi suke kira Dogfish, mai ɗaukar tan 24. Ma'aikatan jirgin Ingila sun saba raɗa wa taragun gyaran layi sunayen halittun ruwa: Dogfish da Catfish da Sealion da Seacow masu tsakuwa, Salmon mai ɗaukar dogayen ƙarafa, Grampus buɗaɗɗe mai kwasar tarkace. Taragon gadi mai garma kuwa Shark ne, ba ko tantama. An shafe rubutun jikinsu a kwamfuta an ɗora NR, tambarin Reluwe. Aikin ma ba a yi shi da kyau ba: a kusurwar hoto na uku, in ka faɗaɗa sosai, ana ganin ZFV, wato lambar rukunin Dogfish a tsarin jirgin Ingila, da lambar tarago mai farawa da DB, alamar taragun aikin gyara na can. Na jefa hotunan a Google Lens, manhajar neman asalin hoto, bai ɗauki minti biyu ba ya kai ni wani tsohon talla na gwanjo, teburi ɗaya, inuwa ɗaya, har da ɗan tabon shayi a gefen kwalin.

Ga kuma maganar ma'auni, wadda ita ce ta fi ba ni haushin kaina, don lissafi ne na 'yan firamare. Faɗin tsohon layin Najeriya ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. HO kashi ɗaya ne cikin 87. Raba ka gani, za ka samu milimita 12 da 'yan kai. Ke nan taragon Reluwe na gaskiya a HO a kan layi mai milimita 12 zai hau, irin faɗin da masu wani ma'auni da ake kira TT suke amfani da shi. Layin HO da muka saba, mai milimita 16.5, kwaikwayon babban layi ne mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Mai son tsohon layinmu a kan milimita 16.5 sai dai ya koma ma'aunin S, kashi ɗaya cikin 64, inda taragun za su fi girma. Na tambayi mutumin tun farko ko za su hau layina, ya ce tsaf. Na tambaye shi HO ne ko OO, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Layin dai ɗaya suke hawa, amma OO kashi ɗaya ne cikin 76, na Ingila ne, jikinsa ya fi na HO girma, in ka jera su ido ma zai gaya maka. Wanda ke riƙe da kayan Bature mai tara jirage, ga kwalaye a gabansa da rubutu ɓaro-ɓaro, ba zai ce duk ɗaya ne ba. Amsar ta yi mini wani iri a lokacin, na ce ai ɗan kasuwa ne ba masani ba. Uzurin da ya kamata shi ya nema, ni na nema masa.

Washegari na ce ya kira ni ta bidiyo ya nuna mini rasidin gidan waya. Ya ce yana wurin aiki. Na tura masa hoton tsohon tallan. Alamar karantawa ta yi shuɗi, hotonsa ya ɓace, shi ke nan ya yi layar zana. Matar kwastan ita ma layinta a kashe.

Sauran ukun da suka same ni, ba duka aka yi musu irin tawa ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin mutumin ba shi kaɗai ba ne, ko kuma ya san harkar fiye da yadda ya nuna mini. Na farko, wani malamin makaranta, tasa sak tawa, sai dai shi kiren kaɗai ya biya. Na biyu kaya sun iso masa ta tashar mota, ba daga Ingila ba: kwali cike da jarida, a tsakiya jirgin roba mai batir irin na yaran sallah. Da ya yi magana aka ce kuskuren ɗan aike ne, ya ƙara kuɗin mota a musanya. Na ukun ne abin tausayi, don shi taragu na gaske aka aiko masa, tsofaffi guda biyar, ya yi murna har ya yaba wa mutumin a bainar jama'a, yabon da aka ɗauki hotonsa ana nuna wa irina. Da ya zo ɗora su a layi sai ya ga biyu ƙarfen ƙasansu ya kumbura ya tsattsage kamar busasshen taɓo, ɗaya ma ƙafarsa ta gutsure a hannunsa. Wannan cuta ce sananniya ta tsofaffin kayan da aka zuba da gaurayen zinki mai datti, musamman in dalma ta shiga ciki. Ƙarfen yana ruɓewa ne daga ciki, ba manne ba fenti da zai tsayar da shi. Sauran ukun kuma da ya ɗora sai wutar layin ta ɗauke. Ƙafafun kamfanin Märklin ne, na tsarin da ke ɗaukar wuta ta tsakiyar layi, ƙafar dama da ta hagu a haɗe suke ba abin da ya raba su, to a kan layinmu mai wuta a ƙarfe biyu haɗe wutar ƙarfe biyun suke yi ta ɗauke. Wannan ba laifin kamfanin ba ne, haka tsarinsu yake, kuma ana sauya ƙafafun a wuce wurin. Laifin na wanda ya rantse cewa ya gwada su a layi irin naka ne.

Yanzu in wani ya kawo mini tallar tarago daga nesa, abu na farko da nake nema shi ne ya rubuta sunana da kwanan watan ranar a takarda da hannunsa, ya ɗora taragon a kai, ya sa ruler a gefe, ya ɗauka. Sannan ya kifa shi ya nuna mini cikinsa, don yawancin kamfanoni suna buga sunansu da ƙasar ƙira a ƙarƙashi, kuma a nan ne ake ganin tsagewa da karyayyen mahaɗi da ƙafar da ta ɓata. In ya iya, ya auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa. A HO da OO kusan milimita 14 da rabi ake nema. Mai kaya a hannu minti biyar wannan zai ɗauke shi. Marar kaya zai ce yana wurin aiki, ko kyamararsa ta lalace, ko an riga an naɗe kwalin, ko kuma ya yi fushi ya ce kana zarginsa bayan ya ɗauke ka ɗan'uwa. Fushin nan ma cikin sana'ar yake.

Lambar bin sawu ma tana magana. Kayan da suka biyo gidan waya daga ƙasa zuwa ƙasa lambarsu harafi biyu ce, sai alƙaluma tara, sai harafi biyu na ƙasar da aka aiko, GB in daga Birtaniya ne, DE in daga Jamus. Kuma a shafin hukumar gidan wayar da kanta ake duba ta, wanda ka rubuta adireshinsa da hannunka, ba wanda mai sayarwa ya turo maka ba. Tawa alƙaluma goma sha ɗaya ce da harafi uku a gaba, kuma a shafinsa kaɗai take aiki. Da na bincika shekarun shafin sai na tarar bai kai wata biyu da rajista ba, alhali a ƙasansa an rubuta wai sun shekara ashirin suna aiki. Kuɗin kwastan kuwa ba a tura shi asusun wata mata. In da gaske kaya sun iso kuma akwai haraji a kansu, takardar hukuma ake ba ka, ka biya ta hanyar hukuma, ka karɓi rasidi.

Masu biya ta PayPal su ma su kula, don na ji yana ce wa na waje su zaɓi turawa ta 'yan'uwa da abokai wai don a guje wa caji. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye ko kaɗan. Ta kaya da ayyuka ce take da ita, kuma ana da kwana 180 na shigar da ƙorafi in kaya ba su iso ba. Ɗan cajin da yake nuna maka yana tausaya maka a kai, shi ne kuɗin igiyar da za ka janyo kuɗinka da ita.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya kwana. Ni kwana biyu na yi ina jan ƙafa, ina tunanin yadda zan tsaya gaban ma'aikacin banki da gemuna in ce an damfare ni a kan jirgin wasa. Da na je ba wanda ya yi dariya, sai dai an ce da na zo a ranar da an fi samun damar riƙe asusun. Na rubuta ƙorafi, na haɗa da rasidin turawa biyu da hotunan hirarmu, na karɓi lambar ƙorafin. In banki bai yi komai ba ana iya ɗaukaka maganar zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya, kuma ana kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. Kada a goge hirar don haushi. A ɗauki hoton komai, har da saƙonnin murya a adana, tun kafin ya goge nasa ɓangaren. Har yanzu ko sisi bai dawo mini ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Wani abu kuma: kwana uku da fara ba da labarin nan sai ga wani ya shigo mini ta akwatin saƙo, wai shi masanin kwamfuta ne mai ƙwato kuɗin da aka damfara, ya ga abin ya taɓa masa zuciya, in ba da dubu ashirin na kayan aiki. Shi ma Yallaɓai ya ce mini. Shi ma amana ya ambata a layi na biyu.

Game da taragun gida kuwa, na daina jiran wani Bature ya mutu ya bar mini. Na sa Baba a gaba da fensir da takarda, yana kwatanta mini taragon tsakuwa yadda ya san shi, inda matakala take, inda birkin hannu yake, yadda ƙofar ƙasa ke buɗewa, ina zanawa yana gyara mini. Na samo ƙafafun milimita 12 na hannu da falle-fallen roba, na fara yanka. Na farkon ya karkace, Baba ya ce ko a Reluwe ma akwai irinsa.

Mutumin dai yana nan. Makon jiya wani abokina ya turo mini sabon tallansa da sabon suna, yanzu ya koma ɗan Katsina mazaunin Jamus, Baturen da ya rasu kuma ya zama injiniyan da ya yi aiki a Kafanchan. Ya ƙara hoton wata na'urar cusa tsakuwa mai launin rawaya, irin ta kamfanin Plasser & Theurer, wai ita ma ta Reluwe ce. Sauran hotunan su ne dai tara ɗin nan. Ku duba na uku, kusurwar hagu ta ƙasa, ZFV ɗin tana nan bai goge ba, tabon shayin ma yana nan a gefen kwali.